Faratan da Yaya Hansai Ta Yanke

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

An sallamo ni bayan kwana biyar. Takardun da asibiti suka haɗo ni da su na cusa su cikin akwatin jita, ƙarƙashin tsumman goge ta, inda ba wanda zai duba. Duk wanda ya tambaya, hawan jini ne da gajiya, na yanke jiki na faɗi a kicin, shi ke nan.

Labarin da kowa ya sani na farce ne. Ranar Juma'a ina kwance magani ya sa ni barci, Yaya Hansai ta zauna gefen gadon, ta ɗaga hannuna na dama ta ga abin da take gani tana haɗiyewa tun da ta zo ziyara daga Kano. Ta zaro reza daga jakarta ta yanke su tas, guda huɗu, har tsoka. Ta naɗe a tishu, wai za ta binne. Da na farka sai murmushi take yi, ta ce, "Autan Inna, yau Juma'a, na rage maka nauyi. Ai sun haura kwana arba'in nesa ba kusa ba."

Shekara talatin da ɗaya reza ba ta taɓa faratan nan ba. Da samfefa mai laushi nake gyara su kowace safiya, kowanne da irin kwanciyar da na yi masa. Irin jitar da nake rubuta wa kiɗa, farcen dama shi ne muryarta. Ba farce, sai ka ji kamar ana magana da bargo a baki. Na sha gaya wa Yaya, ita dai a wurinta ƙazanta ce ta 'yan boko.

Na daka mata tsawa a gaban nas. Yayata da ta goye ni, mai shekara sittin da bakwai.

Ranar 23 ga Nuwamba zan kaɗa sabon kiɗana, Keken Ɗinki, karo na farko a gaban jama'a. Shekara biyu ina aikinsa. Farce na bukatar kamar sati biyar ya dawo, saboda haka akwai lokaci.

Da hagu nake rubutun nan, don bakin yatsun dama suna zafi inda reza ta ci. Dalilin ke nan.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Cynthia, mai shirya taron, ta kira. 'Yar Kafanchan ce, da ta ji labarin reza sai da ta ƙyalƙyale da dariya kafin ta tuna ta ce in yi haƙuri. Ta tambaya ko a yi cancel. Na ce cancel ɗin me? Farce ne, zai tsiro. Muryata ta fita daidai, ni ma na yi mamaki.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ban buɗe akwatin ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je masallacin Regent's Park. Bayan sallama na riƙa ɗora hannu a ƙirji ina gaisawa da mutane daga nesa, kamar mai mura. Alhaji Shamsudeen ba a yi masa haka. Ya caɓe hannuna ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Allahu Akbar! Yau dai hannun Uwaisu ya tuba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai ya ƙara da cewa, "To ka riƙe ni mana, ka sakar mini hannu kamar sabuwar amarya."

Na ce masa ciwon farce ne. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na riƙe ƙarfe da hagu tun daga tashar Baker Street, dama tana aljihu.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Yaya ta buɗe asibitin farce a falona. Jiya ta tafi kasuwar Lewisham ita kaɗai, matar da ba ta jin Turanci ko na gaisuwa, ta dawo da tafarnuwa da man kaɗanya da ganda. Wai ganda tana ƙara wa farce ƙarfi. Wa ya gaya mata, oho. Kowace safiya sai in ɗora hannu a kan filo, ta goga tafarnuwa, ta shafa mai, ta tofa addu'a. Daga nan ta ɗauko ƙwayar shinkafa ɗaya ta auna. Yau ta ce kwata.

Filon dabarata ce. In hannu yana kwance a kan filo, ba wanda zai ce masa ya yi wani abu.

Tun can da cokali nake cin tuwo saboda faratan, to ba ta lura da komai ba. Yanzu dai a ɗaki nake ci, na ce mata aiki ya yi mini yawa.

Talata, 15 ga Oktoba, azahar

Saƙo ya shigo waya daga asibiti, ranar da zan koma. Na share.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Bari in rubuta yadda Keken Ɗinki yake, ko don in ga na rubuta.

Babanmu tela ne a Fagge. Na tashi a ƙarƙashin teburin kekensa, ina kallon ƙafarsa tana taka feda, allura tana gudu a sama. Ƙafa a hankali, allura da sauri. Abin da na ɗora a kan jita ke nan. Babban yatsa shi ne ƙafar Baba, yana taka tsirkiyoyin ƙasa. Sauran ukun su ne allura: na zobe, na tsakiya, manuni, a kan tsirkiya ɗaya, bi da bi, da saurin da kunne ba zai iya raba su ba. Minti tara ba hutu. In ɗaya ya makara ko da ƙiftawar ido ne, ɗinki ya tsinke, kuma na kujerar ƙarshe ma zai ji.

Duk abin da na taɓa rubutawa, ni nake fara kaɗa shi da hannuna kafin wani ya taɓa. Turawan jarida suna kiran haka taurin kai. Taurin kan ne kuwa. Da shi na bar karatun injiniya, da shi na shekara shida Baba bai amsa wasiƙata ba.

Yau a bas mai lamba 21, muna tsaye cikin cunkoson Old Kent Road, na gwada a kan gwiwata, ƙarƙashin jaka. Babba ya zo. Manuni ya zo.

Na sauka a tashar da ba tawa ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Rabin ƙwayar shinkafa. Yaya ta yi hamdala har sau uku. Ni kuma ina kallon farcen nan ina ce masa a zuci, ina za ka da sauri haka?

Ina jin tsoro. Na rubuta, ga shi nan.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 3 na yamma

Davou ya zo. Abokina ne na shekara ashirin, mutumin Jos, yana koyar da jita a makarantu, ran Lahadi kuma shi ke jan kiɗa a cocinsu. In ban da ni, ban san wanda ya kai shi tsabtar hannu a garin nan ba, amma ban taɓa gaya masa ba, kar kansa ya kumbura.

Ya shigo da leda yana washe baki. Ƙwallon tebur tenis guda biyu, da ƙaramin almakashi, da gam. Ya ce, "Oga Uwaisu, kukan ya ƙare. Ka manta abin da muke yi in farce ya karye ana gobe wasa? A yanko daga ƙwallon, a manna, a goge. Minti arba'in ka koma bakin aiki. Kawo hannu."

Ban manta ba. Ni na koya masa ma.

Sai bakina ya buɗe da kansa, na ce, "Alwala fa? In na manna roba a farce huɗu, ruwa ba zai taɓa su ba. Sati biyar ina sallah a haka?"

Davou ya mayar da kayan cikin leda. Ya san sau nawa na manna a baya ban yi wannan tambayar ba, amma ba zai yi mini gardama kan addinina ba. Yaya tana bakin ƙofar kicin, ta ji komai. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta. Ni na ɓata, kai kuma ka ƙi gyarawa da saɓo." Idonta ya ciko.

Na fake da alwala. Wallahi da na tashi yin ta la'asar kasa kallon madubin banɗakin na yi.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Yaya ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Ba wanka take yi ba. Karo na huɗu ke nan da na ji.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Yaya ta fita kai wa maƙwabciya ɗanwake. Na kulle ƙofa, na buɗe akwatin. Takardun suna nan, na tura su gefe. Na ɗora jita a cinya. Hagu ta hau wuyanta kamar ba a taɓa rabuwa ba.

Minti nawa na yi, ban sani ba. Na yi lallashi. Na yi zagi. Na kama yatsan zobe da ɗaya hannun na lanƙwasa shi na ce, haka ake yi, ka tuna? Yana kallona kawai. Na tsakiyan yana zuwa, amma a makare, kamar wanda aka taso daga barci.

Da na ji motsin makulli na mayar da ita da sauri har na buge ta da ƙafar kujera.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Yau ta auna ta ce saura kaɗan ƙwaya ta cika, nan da sati zan iya farawa. Tana ta murna. Ta ce ita dai burinta ta ji na kaɗa ko kaɗan ne kafin jirginta, ran biyu ga wata, don ta tafi da kwanciyar rai.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe 2

Farcen yatsan zobe ya karye.

Haka na gaya mata. Na ce ƙofar kabad ce ta kama shi.

Ta duba ta duba, ta ce, "Rezar ce. Farcen da aka yi wa yankan wulaƙanci ba ya dawowa da ƙwari. Ni ce dai." Ta zauna a ƙasa kan kafet ta rufe fuska da mayafi. Daga gobe wai za ta ɗauki azumi har ranar tafiyarta. Mai ciwon suga!

Ƙofar kabad ba ta da haƙora. Da Yaya ta duba da kyau da ta ga shaidar nawa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

'Yata Zarah ta zo daga Leeds ta kwana ɗaya. Tun rasuwar mahaifiyarta idonta a kaina yake, ga shi ta fi uwar sa ido. Ta miƙo mini kofin shayi ta ɓangaren dama. Na karɓa da dama don kar ta yi tambaya. Kofin yana cikin shara yanzu.

Ta ce, "Abba, what did the doctors actually say?" Na ce hawan jini. Na ce in tana da tambaya ta yi da Hausa, gwaggonta na zaune. Ta san nufina in rufe mata baki, don Hausarta ba ta kai ta yi rigima da ita ba. Ta kalle ni ta kalle ni, ta ɗauki jakarta.

Cynthia ta aiko hoton fosta. Ga ni nan rungume da jita ina murmushi kamar mutumin kirki.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Davou ya dawo, ba leda wannan karon. Ya ce mu taka zuwa bakin titi. Muka zauna a bencin da ke gaban laburare, motoci na wucewa. Ya daɗe yana zancen ɗalibansa. Can ya ce, "Oga, nuna mini hannunka."

Na zaro dama daga aljihu. Ya ce, "A'a. Ɗayan."

Na duba hagu. Sai a lokacin na gani. Mai jita ba ya barin farcen hagu ya wuce kwana uku, don da tsokar yatsa ake danne tsirkiya. Nawa sun yi zaƙo-zaƙo, har da baƙi a ƙarƙashi.

Ya ce, "Na dama Yaya ta yanke, mun ji. Na hagun fa, wa ya hana ka yankewa?"

Abin yankan farce sai an matsa shi da ƙarfi. Da dama ake matsawa in za a yanke hagu. Na gwada ran sha biyu ga wata, ya suɓuce ya faɗa bayan masai, ban ƙara ba.

Na mayar da dama aljihu. Shi ma bai tilasta ni ba. Ya ce, "Yatsa nawa?" Na ɗaga masa biyu da hagu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yesu." Daga nan ya ce in na ga dama zai koyi Keken Ɗinki, sati uku ba barci zai iya, in kuma ban ga dama ba bakinsa a rufe yake. Na ce ba wanda zai fara taɓa kiɗan ubana sai ni. Ya ce to. Da zai tashi ya ce, "Amma tsohuwar nan tana azumi a kan abin da ba ta yi ba. Wannan kam ba zan iya ce maka to ba."

Na tsane shi na kusan awa guda.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da hantsi

Zan gaya mata yau.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ban gaya mata ba. In na furta, ya tabbata. Muddin laifin reza ne, to ni mai jita ne da ke jiran farce. In ba reza ba ce, ban san ko ni wane ne ba. Shekara hamsin da huɗu, ban iya komai ba sai wannan.

Ta gama haɗa kaya. Ta bar mini man kaɗanya a kan talabijin, ta ce safe da yamma.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Ta tafi.

Tasi zai zo ƙarfe goma sha ɗaya, Zarah za ta tarye ta a filin jirgi. Saura kwata ta fito da mayafinta, akwatuna a bakin ƙofa. Na ɗauka addu'ar tafiya za mu yi. Sai na ga ta dafa kujera tana lanƙwasa gwiwar nan tata mai ciwo, a hankali, har ta kai ƙasa. A gabana. Ta ce, "Uwaisu, tafiya zan yi, rai ba a hannunmu yake ba. Na taɓa maka sana'a da jahilcina. Don girman Allah ka yafe mini."

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai yau.

Na ce, "Yaya, tashi." Ta ce sai na furta. Na durƙusa ni ma. Na sa hannuna na dama cikin nata na ce, "Zan matse hannunki. Ki gaya mini abin da kika ji."

Na matsa da duk ƙarfin da Allah ya bar mini. Tana kallon hannun, tana jira. Ta ce, "To matsa mana."

Na ce, "Na matsa."

Ta sa ɗan yatsanta ta ɗaga yatsana na zobe ta sake shi, ya faɗi. Ta kuma ɗagawa, ya kuma faɗuwa. Ta ga irin wannan a jikin Baba, shekara biyu tana juya shi a kan gado, ba sai an gaya mata sunansa ba. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da na faɗi."

"Kafin in yanke?"

"Kafin ki yanke."

"Wanda ya karye fa?"

"Ni na cije shi."

Na zaci kuka za ta yi ta rungume ni. Ta saki hannun. Ta dafa kujera ta miƙe da kanta, na kai hannu in taimaka ta ture. Ta gyara mayafi. Ta ce, "Hannu dai Allah ne ya taɓa shi, in ya so zai sake shi. Amma kwana ashirin da taran nan, kai ka yi mini su. Kana ji ina kuka a banɗakinka."

Na ce, "Yaya, tsoro nake ji."

Ta ce, "Ni ma shi na ji."

Direba ya yi hon. Ita ta ja ƙaramin akwatin, shi ya ɗauki babban. Ba ta waiwayo ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe

Na kira Zarah, ta yi kuka ta yi faɗa, duk da Turanci, na bar ta ta gama. Na kira Cynthia na ce a sauya suna a fosta. Davou zai zo gobe da jitarsa, zan zauna in ji wani yana taka keken Baba. Na ciro takardun na karanta har ƙarshe. Sun rubuta cewa makonnin farko su ne suka fi muhimmanci wajen gashin hannu da motsa yatsu. Makonnin farko. Na karanta layin sau biyar.

Na aika wa Yaya saƙon murya, minti shida. Na nemi gafara.

Litinin, 4 ga Nuwamba, azahar

Ta saurara. Ba ta amsa ba.

Talata, 5 ga Nuwamba, la'asar

Davou ya iya shafi uku. Allurarsa tana gudu sumul, har ta fi tawa. Na ce masa ba laifi.

Ba ta amsa ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 9 da kwata na safe

Saƙonta ya shigo da asuba, daƙiƙa huɗu. Ba sallama, ba Auta, ba na yafe. Cewa ta yi, "Ka je asibitin ko ba ka je ba?"

Ina kan benci a bakin ƙofar likitan yanzu. Mutum biyu ne a gabana. Na ɗauki hoton ƙofar na aika mata.